Ƙaiƙayin dare a duburar yara: an sha maganin tsutsa, an yi gwaji, abin bai tafi ba

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata matsala da ta hana mu barci a gida yau kusan wata biyu ke nan. 'Yata shekararta huɗu da rabi, kuma da rana lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, tana wasa, tana zuwa makaranta ba tare da wani ƙorafi ba, amma da zarar an yi sallar isha'i an kwanta, sai ta fara juye-juye tana kai hannu cikin wando tana susar bayanta, wani lokaci har ta farka da kuka tana cewa wani abu yana cizon ta. Da farko na ɗauka ƙurajen zafi ne, na canza mata sabulu, na riƙa shafa mata hoda, ban ga wani canji ba. Mai kyamis ɗin unguwarmu ya ba ni maganin tsutsar ciki ƙwaya ɗaya ta tauna, muka samu sauƙi na mako uku ko fiye, har na saki jiki, sai ga abin ya dawo kamar ba a taɓa shan magani ba. Na kai ta asibiti aka rubuta mana gwajin bayan gida, sakamako ya fito aka ce ba a ga komai ba. Yanzu ƙaninta mai wata goma sha takwas shi ma ya fara rigimar dare, kuma ban sani ba ko abu ɗaya ne ke damun su. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka mini da haske.

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya ba ta lafiya, ya yaye muku. Mu a zamaninmu idan yaro ya fara irin wannan susa, abu biyu muke fara tunani, ko basir ko ɗankanoma, kuma dukkansu zaƙi ne yake tayar da su. Yaran yanzu tun da sassafe alawa ce da biskit da lemon kwalba, ta yaya ciki zai zauna lafiya? Ki hana ta zaƙi gaba ɗaya, ki riƙa gasa mata wurin da ruwan ɗumi, a nemo mata jiƙon basir na yara. Tunda masu asibiti da kansu sun duba sun ce babu tsutsa, ban ga dalilin da za ki ci gaba da ɗura wa ƙaramar yarinya ƙwayoyi ba.

Baban Mubarak:
Ni kuwa inda hankalina ya tafi shi ne maganin da kansa. Idan har an sha an samu sauƙi sannan abin ya dawo, to alama ce cewa tsutsar ce, amma maganin ba shi da ƙarfi, wataƙila jabu ne ko wanda ya daɗe a cikin zafin shago. Maman Hanifa, kin duba lambar hukumar kula da ingancin magunguna ta NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin kwalin kafin ki ba ta?

Likitan yara:
Assalamu alaikum. Maman Hanifa, sannu da ƙoƙari, kuma bayanin da kika yi ya taimaka ƙwarai, domin abubuwa uku da kika ambata, wato ƙaiƙayin da ba ya zuwa sai da dare, da dawowarsa bayan makonni kaɗan da shan magani, da gwajin bayan gida da bai nuna komai ba, idan suka haɗu a jikin yaro mai waɗannan shekaru, abin da likita yake fara tunani shi ne wata ƙaramar farar tsutsa da ake kira Enterobius vermicularis a likitance. Ba zan iya yanke hukunci daga nesa ba, sai an gani, amma bari in bayyana yadda take rayuwa, domin a cikin rayuwar tata ne amsar tambayoyinku duka take.

Ita wannan tsutsa ba macijin ciki ba ce, ba kuma tsila ba ce. Siririya ce fara kamar guntun zaren ɗinki, macen tsawonta milimita 8 zuwa 13 ne, namijin kuma bai wuce milimita 2 zuwa 5 ba, shi ya sa da wuya a gan shi. A cikin babban hanji take zama. Idan macen ta cika da ƙwai, ba ta zuba su a cikin hanji kamar yadda macijin ciki yake yi, sai ta jira dare ya yi, jikin yaro ya saki, ta rarrafo ta fito ta dubura, ta manne ƙwayayenta a fatar da ke kewaye da wurin da wani ruwa mai danƙo. Mace guda tana iya zuba ƙwai sama da 10,000. Motsinta da wannan danƙo su ne suke jawo ƙaiƙayin da ke tayar da yarinya daga barci. Cikin awa huɗu zuwa shida ƙwan ya nuna, ya isa ya kama mutum. Yarinya ta yi susa, ƙwai ya shige ƙarƙashin farcenta, da safe ta kai hannu baki ko ta ɗauki biredi, ta haɗiye shi, ya ƙyanƙyashe a cikin hanji, bayan kamar wata guda zuwa biyu sababbin mata su fara fitowa da dare.

Baban Mubarak, a nan ne nake so ka lura. Duba lambar NAFDAC abu ne mai kyau kuma ina goyon bayansa, amma ko da maganin na gaske ne daga kamfanin da ya fi kowane inganci, abin da Maman Hanifa ta gani shi ne zai faru, saboda maganin tsutsa yana kashe tsutsar da ke cikin hanji ne, ba ya kashe ƙwai. Ƙwan da ke kan zanin gado da wando da ƙarƙashin farce yana iya kai mako biyu zuwa uku da ransa. Wannan ne ya sa ƙa'idar maganin wannan tsutsa sau biyu ce, a sha yau, a sake sha bayan kwana goma sha huɗu, domin a kashe waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya tun ba su isa yin ƙwai ba. Ƙwaya ɗaya da aka ba ta rabin magani ne.

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Basir irin na manya abu ne da ba kasafai ake samunsa a jikin yaro mai shekara huɗu ba, kuma yawancin yaran da ake kawo mini da sunan basir ko ɗankanoma, idan na duba, ko dai wannan tsutsa ce, ko tsagewar fata saboda taurin bayan gida, ko jan fata da gudawa ta bari. Rage zaƙi yana da amfani ga haƙoran yaro da cin abincinsa, amma sukari ba ya rikiɗa ya zama tsutsa, dole sai an haɗiyi ƙwan da ya fito daga jikin wani mutum ko daga jikin yaron kansa. Gwajin bayan gida kuwa da bai nuna komai ba, ba hujja ba ce cewa babu ita, tunda ba a cikin kashi take zuba ƙwanta ba.

Maman Hanifa, yau da dare ki bar ta ta yi barci na awa biyu zuwa uku, sannan ki ɗauki tocila mai haske ki buɗa wurin a hankali ki duba, ba tare da kin tashe ta ba. Ki faɗa mana abin da kika gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Likita ya gama magana, sai dai in ƙara daga ɓangarenmu na masu gwaji, domin kullum muna karɓar 'yar kwalbar bayan gida a kan wannan ƙorafi, mu duba mu rubuta cewa ba mu ga komai ba, iyaye su tafi suna ganin ko ba mu iya aiki ba ne. Gwajin da ya dace da wannan tsutsa da salatif ake yin sa, kuma tsohuwar dabara ce da wani masani Ba'amurke mai suna Graham ya bayyana tun 1941, har yau ba a samu wadda ta fi ta sauƙi ba.

Salatif ɗin ya zama fari garau wanda ake ganin abu ta cikinsa, ba mai ruwan ƙasa na ɗaure kwali ba. Ki je ɗakin gwaji tukuna ki karɓi ƙananan gilasan da muke ɗorawa a ƙarƙashin madubin likita, guda uku. Da asuba, kafin yarinya ta yi wanka, kafin ta hau fo, kafin ma a yi mata tsarki, sai ki yanko salatif kamar tsawon ɗan yatsa, ki danna ɓangaren mai danƙo a kan fatar da ke gefen duburar, dama da hagu, sau biyu ko uku, a waje kawai ba tare da an tura komai ciki ba. Daga nan ki manna shi a kan gilashin, ki shafe shi ya kwanta ba tare da iska ta shiga ƙarƙashinsa ba, ki saka a leda, ki wanke hannunki da sabulu sosai. A maimaita haka safiya uku a jere, domin ba kowane dare tsutsar take fitowa ba. Gwajin safiya ɗaya yana kama kusan rabin masu ɗauke da ita ne kawai, na safiya uku kuma yana kama kusan tara cikin goma. Ƙwan ba a ganinsa da ido, amma a ƙarƙashin madubi ba ya ɓoyuwa, domin gefe guda a miƙe yake, ɗaya gefen kuma a lanƙwashe, sau da yawa har da 'yar tsutsar a naɗe a ciki. Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne tsabta, uwa ta ga kunya ne ta kawo gwaji daga jikin yaron da ba a wanke ba, sai ta yi masa tsarki tas sannan ta manna salatif, ta wanke abin da muke nema.

Maman Hanifa:
Likita, na yi yadda ka ce, kuma har yanzu jikina bai daina rawa ba. Ta kwanta wajen ƙarfe tara, na jira har sha ɗaya da rabi, na haska da tocilar waya. Da farko ban ga komai ba sai jan da susa ta bari, har zan kashe fitilar, sai na lura da wani abu fari siriri a cikin naɗin fatar, na ɗauka zaren wandonta ne ya maƙale, na kai hannu zan cire sai na ga ya motsa yana lanƙwasa kansa. Guda biyu na gani, ɗaya ta koma ciki da hasken ya same ta, ɗayar kuma na ɗauke ta da salatif kamar yadda malam mai gwaji ya kwatanta, na manna a jikin leda mai haske, tana nan na ajiye. Gaskiya na ji kunya kuma na ji haushin kaina, domin ina yi wa yaran nan wanka sau biyu a rana, kuma na san idan maganar ta fita a gidanmu, abin da za a ce shi ne ƙazantar uwa ce.

Likitan yara:
Alhamdu lillahi, an gano bakin zaren. Ki kai wadda kika ɗauka ɗin asibiti likita ya gani, ganin tsutsar da ido ya wadatar, ba lallai ne sai an jira gwajin safiya uku kafin a fara magani ba. Maganar ƙazanta kuma ki cire ta daga ranki. A Amurka wannan ita ce tsutsar ciki da ta fi kowace yawa, kuma a Ingila kusan kowace uwa ta san ta, ga su da ruwan famfo da injin wanki a cikin gida. Masu binciken kayan tarihi ma sun samu ƙwanta a cikin busasshen kashin mutane a wani kogo a jihar Yuta ta Amurka, wanda ya kai kusan shekara dubu goma. Inda duk yara suke cuɗanya suna wasa tare suna kai hannu baki, tana nan. A jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, don haka kada a ɗora laifin a kan kyanwa ko kaji ko awakin gida. Abin da zan tambaye ki yanzu shi ne, mutum nawa ne kuke kwana a gidan, kuma akwai mai juna biyu ko jariri?

Maman Hanifa:
Mu goma sha ɗaya ne. Maigida, da ni da yarana uku, da abokiyar zamana da nata huɗu, sai surukata. Yaran duka tare suke cin abinci a kwano ɗaya, manyan kuma a ɗaki ɗaya suke kwana a kan tabarma da katifa biyu. Abokiyar zamana tana da ƙaramin ciki na wata biyu, ni kuma ban yaye ƙaramin ba tukuna. Na gwada yi wa maigida maganar da safe, ya ce shi lafiyarsa lau, ba zai sha maganin cutar da ba ta kama shi ba, in ba wa mai susa kawai.

Masanin magunguna:
Maman Hanifa, amsar maigida ita ce amsar da muke ji daga mafi yawan magidanta, kuma ita ce babban dalilin da ya sa abin yake zagayawa a gida wata da watanni. Mutane da yawa, musamman manya, suna ɗauke da tsutsar ba tare da sun ji ƙaiƙayi ko kaɗan ba, kuma idan aka bar mutum ɗaya a gidan da ake cin tuwo da hannu a kwano guda, shi zai mayar wa sauran. Shi ya sa ake so kowa ya sha a rana ɗaya, sannan kowa ya maimaita a rana ɗaya bayan mako biyu.

Magunguna uku ne aka sani a kan wannan. Akwai mebendazole, wanda wasu suka fi sani da sunan Vermox, ana shan miligiram 100 sau ɗaya, babba da yaro daidai. Akwai albendazole, wato Zentel da ire-irensa, miligiram 400 sau ɗaya ga wanda ya kai shekara biyu zuwa sama. Sai pyrantel, wanda aka sani da Combantrin, shi kuma da nauyin jiki ake auna shi, miligiram 11 ga kowane kilo, kada ya wuce giram ɗaya, wato yarinya mai kilo 15 za ta sha miligiram 165. Kowanne aka zaɓa, maimaitawar kwana goma sha huɗu tana nan. Abin da yakan biyo baya, idan ma ya biyo, bai wuce ɗan murɗawar ciki ko sakin bayan gida na yini ɗaya ba.

Mutum biyu ne a gidanku ba za a yi wa gaggawa ba. Yaron da bai kai shekara biyu ba, likita ne zai duba shi ya yanke abin da za a ba shi; mai shekara ɗaya zuwa biyu rabin albendazole akan ba shi, miligiram 200, kuma a daka ƙwayar a dama da ɗan ruwa, kada a ba shi guda ya shaƙe. Mai ciki kuma ba a ba ta waɗannan magunguna a watanni ukun farko, sai ta riƙe wanke bayanta kowace safiya da wanke hannu sosai har mako shida, ta kuma faɗa wa ma'aikatan awo, idan bukata ta kama bayan cikin ya wuce wata uku su ne za su rubuta mata. Ke mai shayarwa babu laifi ki sha mebendazole, domin kaɗan ne ƙwarai yake shiga jini. Gargaɗi guda da nake so kowa a zauren nan ya riƙe shi ne kada a haɗa mebendazole da Flagyl, wato metronidazole, a lokaci guda, domin an samu waɗanda haɗin ya jawo wa mummunan ciwon da fata da baki suke saɓulewa. Na ambaci wannan ne saboda a wurinmu da yaro ya ce cikinsa, Flagyl ake fara miƙa masa.

Hajiya Kaka:
To, likita, na ji bayaninka, kuma tunda yarinya ta gani da idonta, ba ni da ta cewa a kan tsutsa. Da ka kwatanta ta ma sai na tuna na sha ganin irinta a tsumman yara, mukan ce zaƙi ne ya yi musu yawa, kuma ni har yanzu ban yarda a sakar wa yara alawa ba. Amma ina da tambaya. Akwai masu daka tafarnuwa su cusa wa yaro a wurin da dare, wasu kuma man zafi suke shafawa, har na taɓa jin masu ɗiga kananzir, suna cewa warin yana kashe tsutsar tun daga bakin ƙofa. Mene ne gaskiyar wannan?

Likitan yara:
Hajiya, na gode da wannan tambaya, domin abin da ake yi a ɓoye ne ba a faɗa wa likita sai ya ɓaci. Fatar wurin tana da laushi ƙwarai, ga shi susa ta riga ta farfasa ta. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata kamar wuta, man zafi azaba ce kawai ga yaron, kananzir kuma guba ne da bai kamata ya taɓa jikin yaro ta kowace fuska ba. Ko da sun kashe tsutsa ɗaya ko biyu da suka fito, sauran suna can cikin hanji inda abin bai kai ba. Idan ana so a sassauta mata ƙaiƙayin kafin magani ya gama aiki, a wanke wurin da ruwan ɗumi a shafa ɗan basilin ko man kaɗanya mai tsabta, ya isa.

Bari in faɗi inda ya kamata a koma asibiti ba tare da jira ba. Ga 'ya mace, tsutsar takan ɓata hanya ta shiga gabanta, ta jawo ƙaiƙayi da fitar ruwa da zafin fitsari, iyaye su ce sanyi ne su fara ba ta magungunan manya. Wannan likita ne ya kamata ya duba. Haka nan idan wurin ya kumbura ko ya yi ruwa saboda susa, ko aka ga jini, ko baya ya fito, ko yaro yana ciwon ciki mai tsanani da zazzaɓi, ko yana ramewa idonsa ya yi fari. Ita wannan tsutsa ba ta shan jini kuma ba ta cika rama yaro ba, don haka idan aka ga waɗannan alamu, akwai wani abin daban da ya kamata a nema.

Baban Mubarak:
Likita, na karɓi gyara a kan maganar jabun magani. Amma ina da ja a kan ɓangaren tsabtar, domin na karanta cewa wai sai an wanke zannuwan gado da tufafi kullum da ruwan zafi, a goge ko'ina a gida. Mu da muke sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa, gida mai mutum goma sha ɗaya, wa zai iya wannan har mako biyu? Ina tsoron kada a ɗora wa mata nauyin da ba za su iya ɗauka ba, su gaji a kwana na uku su watsar da komai, har da maganin na biyu.

Likitan yara:
Wannan ja ne mai ma'ana, kuma na fi son a yi kaɗan a dore da a ɗauki da yawa a yar. Babban wanki sau ɗaya ake bukatarsa, a safiyar da ta biyo bayan shan magani: zannuwan gado da kayan barci da wanduna da tawul, a jiƙa su da ruwan zafi da omo, a shanya a tsakiyar rana. Wajen ɗauke zanin a naɗe shi a hankali, kada a kakkaɓe shi a cikin ɗaki kamar yadda muka saba, domin ƙwan ba shi da nauyi, yana tashi da ƙura ya sauka a kan abinci ko a shaƙe shi a haɗiye. Katifa da tabarma a fitar da su rana, wannan ba ya cin ko kofin ruwa, kuma mu Allah ya hore mana abin da mutanen ƙasashen sanyi ba su da shi, domin ƙwan a wuri mai sanyi da laima yake daɗewa, zafi da bushewa suna kashe shi da wuri. Kafin shara a yayyafa ruwa a ƙasa.

Abin da ya zama na kullum, buta ɗaya ta ishe shi. Yaro yana tashi da safe, kafin ya taɓa komai, a wanke masa baya da ruwa da sabulu, domin a kwashe ƙwan da aka zuba da dare, a canza masa wando. Ya kwana da ɗan kamfai mai kama jiki domin hannu kada ya isa wurin kai tsaye. A yanke farce ƙasa-ƙasa, na yara da na iyaye mata. Kada a tara yara a baho ɗaya a ruwa ɗaya, a riƙa zuba wa kowa da kofi, kuma kowa da sosonsa idan da hali. Mafi muhimmanci shi ne sabulu bayan tsarki. Tsarki da ruwa yana tsabtace jiki sosai, amma hannun da ya yi tsarkin, da hannun uwar da ta yi wa yaro, idan aka ɗauraye da ruwa zalla, ƙwan mai danƙo yana nan a maƙale, kuma da wannan hannun za a koma kwaɓa fura ko yanka salak. A ajiye guntun sabulu kusa da buta a bakin banɗaki. Man goge hannu na kwalba da aka saba da shi lokacin korona ba a dogara da shi a kan wannan ƙwai, wankewa da ruwa da sabulu ne yake cire shi.

Malamar nazare:
Ina koyar da 'yan shekara uku zuwa biyar, kuma ina bibiyar wannan muhawara tun farko da faɗuwar gaba, domin a ajinmu yara sama da talatin fo biyu suke amfani da shi, mai rainon da ke yi musu tsarki kuma ita ce take buɗe musu kwanon abinci. Likita, shin yaron da aka samu da ita sai ya zauna a gida? Kuma maganin tsutsa da ake rabawa a makarantu da lokacin makon lafiyar mata da yara, bai isa ya kare su ba?

Likitan yara:
Malama, ba a hana yaro zuwa makaranta saboda wannan tsutsa, a ba shi magani ya ci gaba da karatunsa. Maganin da ake rabawa yana da amfani matuƙa, amma an tsara shi ne domin macijin ciki da sauran tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, ƙwaya ɗaya ce bayan watanni, babu maimaitawar mako biyu, kuma ba a haɗawa da mutanen gida, saboda haka zai rage ta na ɗan lokaci ne kawai. Abin da ke hannunku shi ne sabulu da ruwa a ƙofar aji kafin cin abinci, da wanke fo bayan kowane yaro, da duba farce ranar Litinin kamar yadda ake yi mana muna firamare. Idan kika ga yaro yana yawan gyangyaɗi a aji yana kai hannu baya, ki ja mahaifiyarsa gefe ki faɗa mata a asirce, kada a gaban sauran iyaye.

Hajiya Kaka:
Maman Hanifa, maganar maigida kuma kada ki tsaya jayayya da shi, ki bi ta wurin mahaifiyarsa. Ki nuna mata abin da kika ɗauka a ledar, ki ce likita ya ce har ita sai ta sha domin jikokinta. Idan ta sha a gabansa ta miƙa masa nasa, ba zai iya mayar mata da hannu ba. Abokiyar zamanki kuma ki same ta ku biyu a ɗaki, ki fara da cewa 'yarki ce aka samu da shi, kada ta ji kamar nata kike zargi.

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari kamar yadda ya kamata, yau kwana goma sha shida da fara magani. Mun je asibiti da ledar, likita ya gani ya tabbatar, ya rubuta wa kowa, ya auna ƙaramin ya ba shi nasa daban, abokiyar zamana kuma aka ce ta dakata. Hajiya, dabararki ta yi aiki, surukata da kanta ta raba ƙwayoyin bayan sallar magariba ranar Juma'a, maigida ya karɓa bai ce uffan ba. Da na yi wa abokiyar zamana magana, sai ta ce ai ɗanta na biyu ya fi wata uku yana wannan susa, tana ta ba shi jiƙon basir tana ɓoyewa don kada a ce ba ta kula da shi. Hanifa ta ci gaba da ɗan susa dare uku na farko, daga nan ta daina, yanzu har sai an tashe ta da safe. Na rubuta ranar sha na biyu a jikin kalandar ɗaki, kuma shekaranjiya Juma'a muka sha. Tambayar da ta rage mini ita ce, idan abin ya sake dawowa, tunda mai cikin ba ta sha ba, me zan yi?

Likitan yara:
Wa alaikumus salam, madalla. Ki ci gaba da wankin safe da yankan farce na wasu makonni biyu bayan sha na biyun, ita kuma mai cikin ta cika mako shidanta, kuma ta riƙa wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa girki. Idan susar dare ta dawo bayan wata ɗaya ko biyu, kada ki sayi magani kai tsaye, ki sake haskawa da tocila ko ki yi gwajin salatif na safiya uku, domin ba kowane ƙaiƙayi ne tsutsa ba. Idan an tabbatar ita ce, za a sake zagaye na gida duka, lokacin cikin ya wuce wata uku za a iya haɗawa da ita bisa shawarar masu awo, kuma a tambayi iyayen yaran maƙwabta da suke shigowa cin abinci da kwana ko su ma suna fama da susar.